TANTI MARAR NAUYI NA MASU TAFIYAR ƘASA A AMURKA: KO ZAI YI WA 'YAN KORA AIKI?

 Tun damanar da ta wuce ake ta yi mana tambaya guda a tike da wajen lodi, a kan wasu ƙananan tantuna da suka fara fitowa cikin dilolin gwanjo, wasu kuma yaranmu masu waya suke gani a intanet suna nuna mana hotonsu. Abu ne wanda idan an naɗe shi bai fi goran ruwa girma ba, da yatsa biyu ma a ɗauke shi, amma idan an kafa shi sai mutum ɗaya ko biyu su shiga su miƙe ƙafa, ruwan sama na zuba a waje. Masu tambaya so suke su ji ko kayan wasan yara ne ko kayan aiki, kuma ko ya cancanci mai dukiya ya cire kuɗi ya saya wa 'yan korarsa. To mu dai mun sayi guda uku a lokuta dabam dabam. Ɗaya ya cuce mu, biyu sun yi aiki. Mun kuma bi diddigin inda abin ya fito, domin mutum ba ya gane kayan aiki sai ya san wanda aka ƙera wa shi tun farko.

Kada wani ya ce zamanin kwanan daji ya wuce tunda tirela ta zo. Gaskiya ne tirela ce ke kai shanu Legas da Fatakwal, amma kafin sa ya hau mota da ƙafarsa yake zuwa wajen lodi. Wanda ya sayi dabbobi a kasuwannin arewa irin su Abalak ko Dakoro ko Tanut, ko wanda ya haɗa garke a Cadi zai ratsa Kamaru da shi zuwa Mubi, ya san akwai kwanaki na kora a tsakani, kuma idan ana so shanu su riƙa kiwo a hanya kada su zube, da wuya a wuce kilomita 20 a yini. Ga kuma kwanan jira. Duk wanda ya yi fatauci lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko lokacin rufewar 2023, ya ga yadda yaranmu suka yi ta kwana a fili, wasu ƙarƙashin mota, wasu gindin itace. Ɗan kora guda ya kwanta da zazzaɓi a tsakiyar burtali, garke ya tsaya ke nan. Kowace rana ta tsayuwa kuɗin ruwa ne da kuɗin abinci, ga ranar kasuwa ta kuɓuce, sai a jira wani mako. Wannan shi ne abin da ya sa maganar wurin kwanciya ta zama maganar kuɗi.

INDA ABIN YA FITO

A Amurka akwai wasu mutane da ke tafiyar ƙasa mai nisa cikin duwatsu da dazuzzuka don sha'awa kawai, babu garke gabansu, babu kasuwar da suke gudun kada ta tashi. Mu ma da muka fara ji mun yi dariya. Suna da hanyoyi na musamman da aka shata musu kamar yadda aka shata mana burtali. Ɗaya ita ce hanyar duwatsun Apalaciya a gabashin ƙasar, wadda aka gama buɗe ta a 1937, ta tashi daga jihar Jojiya ta ƙare a jihar Maine, ta ratsa jihohi 14, tsawonta kusan kilomita 3,500. Ɗaya kuma tana yamma, daga iyakar Meziko zuwa iyakar Kanada, ta fi kilomita 4,200. Mai son ya gama ɗaya daga cikinsu a tafiya guda yakan yi wata biyar zuwa shida yana tafe, kuma duk abin da zai ci da wanda zai kwanta a ciki a bayansa yake goye. Ba jaki, ba takarkari, ba amalanke. Kun ga ke nan mutumin da zai goya kaya wata shida dole ya yi faɗa da kowane giram.

A 1955 wata tsohuwa 'yar jihar Ohio mai suna Emma Gatewood, mai shekara 67, uwar 'ya'ya 11, ta bi hanyar Apalaciya ita kaɗai daga farko har ƙarshe. Ba ta ɗauki tanti ba. Bargo ta riƙe da ledar da suke ratayawa a banɗaki don tare ruwan wanka, ta zuba su cikin wata jaka da ta ɗinka da hannunta ta saɓa a kafaɗa. Da muka ji labarinta sai muka ce ai wannan 'yar korarmu ce, don abin da yaranmu ke yi ke nan da leda da gwado. Daga baya wani injiniya mai suna Ray Jardine ya fitar da littafi a 1992 a kan tafiyar hanyar yamma, ya yi ta jan hankalin mutane su rage kaya, su bar manyan tantuna su koma ga shimfiɗa guda da ake ɗaurewa da igiya. Maganarsa ta karɓu, har masu wannan ra'ayi suka sa wa kansu ƙa'ida: duk kayan mutum, ban da abinci da ruwa da man girki, kada su kai kilo 4 da rabi. Kamfanoni suka shiga gasar wa zai fi sauƙin nauyi. Tantin mutum biyu da a da yake kilo 3 ko 4 ya dawo kilo 1, akwai ma wanda bai fi rabin kilo da 'yan kai ba.

Mu riƙe wannan a zuciya kafin mu ci gaba. An ƙera abin nan ne don ƙasa mai sanyi, mai ciyawa da ganye a ƙasa, ga mutumin da ba ya gadin komai da dare sai ransa. Ƙasarmu kuwa rana ce da ƙaya da rairayi, kuma ɗan kora idonsa ɗaya a buɗe yake kwana.

YADIN DA LAMBOBINSA

Sirrin rashin nauyin yana cikin yadi. Iri uku ne za ku ci karo da su.

Na farko nailan ne, zaren roba da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935. Idan kun ɗaga yadin ga haske za ku ga wasu 'yan gidaje murabba'i kamar gidan dara. Zare ne mai kauri aka saƙa a tsakanin sirara, domin idan yadin ya fara yagewa ya zo ya tsaya a kan zaren mai kauri. A yaƙin duniya na biyu aka fara wannan dabara, don laimar saukar sojoji daga jirgin sama. Nailan da kansa ba ya tare ruwa, sai an shafa masa wani abu. Idan silikon aka jiƙa shi da shi za ku ji yana santsi a hannu, kuma shi ne mai daɗewa. Aibinsa guda, nailan yana shan ruwa ya saki jiki. Tantin da aka ɗaure tamau da magariba, tsakar dare idan ruwa ya sauka sai a ga ya lotsa yana taɓa fuska, dole a fita a ƙara jan igiya.

Na biyu foliyesta ne, shi ma da silikon. Bai kai nailan jure fizga ba, amma ba ya sakin jiki a ruwa, kuma ya fi shi jure rana. A wurinmu wannan na ƙarshe babban abu ne, don hasken rana shi ke cin yadin roba a hankali har wata rana a sa yatsa ya ɓurma kamar tsohuwar takarda. Da za a ba mu zaɓi tsakanin biyun nan, foliyesta za mu ɗauka.

Na uku shi ne wanda yara suka fi ruɗewa a kansa, ana kiransa Dyneema. Wani kamfani ne na ƙasar Holan ya fito da zaren, sa'an nan a Amurka aka gano dabarar shimfiɗa shi tsakanin leda biyu sirara a manne, tun asali don filafilan jirgin ruwa na tsere a gasar 1992. Ba saƙa ba ce ke nan, manni ne. Ba ya shan ruwa ko kaɗan, ba ya miƙewa, kuma shi ne ya sa ake samun tantin mutum biyu na rabin kilo. To amma ku ji farashi. Sabo yakan tashi dala 600 zuwa 700, kuma dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa ba, wato kusan jika 400 ke nan. Kuɗin sa ne mai kyau. Sa'an nan duk ƙarfinsa wajen ja, ba ya son goga kuma ba ya son tsini, ana hango inuwar mutum ta cikinsa, zafi mai yawa kuma yana sa shi ya motse. Su kansu masu tafiyar lissafin da suke masa shi ne doguwar tafiya guda, wata biyar ko shida na kwana kullum. Wanda zai shimfiɗa jika 400 a kan ƙarangiya, to Allah ya ba shi sa'a, mu dai ba mu ba da wannan shawara ba.

Akwai lambobi biyu da ake rubutawa a jikin jakar tanti ko a takardarsa, masu sayarwa da yawa ba su san ma'anarsu ba. Ta farko lamba ce da harafin D a bayanta, kamar 15D ko 20D ko 70D. Kaurin zare take nunawa: a auna zare mai tsawon mita 9,000, giram nawa ya yi, shi ne lambar. Ƙaramar lamba siririn zare ke nan, marar nauyi, mai saurin hujewa. Tantunan gasar nan suna wasa ne tsakanin 10 da 20. Don rufin sama 20 ba laifi, amma don ƙasan da za a kwanta a kai, a irin dajinmu, duk abin da bai kai 40 ba sai an yi masa shimfiɗa, 70 kuwa ya fi kwanciyar rai ko da ya ƙara nauyi. Lamba ta biyu ana rubuta ta da milimita, kamar 1,500 ko 3,000. Ana ɗaure yadin a bakin wani bututu a tsaye, a yi ta zuba ruwa har sai ya fara ɗiga ta ƙasa, tsayin ruwan a lokacin shi ne lambar. Rufi mai 1,500 yana tare ruwan sama. Ƙasa kuwa tana son 3,000 zuwa sama, domin idan mutum ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, nauyinsa duk a kan gwiwa yake taruwa ya matso ruwan ciki. Lambar sabon yadi ce fa, tana raguwa da tsufa.

Yanzu ga wanda ya cuce mu. Na gwanjo ne, sunan kamfaninsa babba, kuma da muka duba a rumfa babu huji ko ɗaya. Abin da ba mu sani ba shi ne akwai wani shafe na daban, mai arha, da ake yi wa cikin yadi, wanda zafi da danshi ke ruɓar da shi ko da ba a taɓa amfani da tantin ba. Kayan da ya kwana watanni cikin kwantena a tashar jirgin ruwa, ya zo ya ƙara kwana cikin dila a sito, ya sha zafin da zai gama da shi. Mun ji yana ɗan danƙo a hannu, yana kuma wani wari mai tsami kamar amai, mai rumfa ya ce warin ajiya ne, shanya ɗaya zai fita. Muka ba yaranmu biyu da za su kora mana shanu cikin marka. Daren farko da hadari ya sauka, ruwa ya bi kowane ɗinki ya shigo, ledar da aka manna a kan ɗinkin ta ɓare tana lilo kamar saɓar maciji. Da tabarma da garin da suka riƙe duk suka jiƙe, kwana uku bayan nan ƙaramin ya kwanta, sai da muka tura wani a kan babur ya karɓe shi. Kasuwar makon ta wuce mu. Saboda haka duk wanda zai sayi na gwanjo ya buɗe shi gaba ɗaya a gaban mai shi, ya sa hanci, ya shafa ciki, ya karta ɗinkin da farce. Idan akwai danƙo ko tsami ko farin gari na zuba, ya ajiye ko kyauta ne. Ya ja zik sama da ƙasa sau da yawa. In da hali ya ɗebi ruwa a buta ya zuba cikin yadin kamar ana tatar koko, ya riƙe na ɗan lokaci ya gani. Ku kuma lura, da yawan abin da ke fitowa a dila ba na masu doguwar tafiya ba ne. Tanti ne mai arha da Turawa ke saya don bikin kiɗa na kwana biyu ko uku. Ana gane shi da sandunansa baƙaƙe masu nauyi, waɗanda idan sun karye suke tsagewa su bar sartse a hannu. Na kirki sandunansa na alminiyam ne, masu rami a ciki, da roba ta haɗa su.

KAFAWA A ƘASARMU

Ta fuskar tsayuwa tantunan nan kashi biyu ne. Akwai mai tsayawa da kansa, wanda sandunansa ke lanƙwashewa su gicce kamar baka biyu, ana iya ɗaga shi cak a mayar wani wuri. Akwai kuma wanda ba ya zuwa da sanda sam, domin masu tafiyar can kowa na riƙe da sandar dogarawa, sai aka ce me zai sa a ɗauki wata, a tokare tantin da ita. Tsayin da ake so yawanci santimita 120 zuwa 125 ne. To wa ya kai ɗan kora riƙon sanda? Wannan shi ne irin da ya fi burge mu, kuma ɗaya daga cikin biyun da suka yi mana aiki irinsa ne, ƙirar ƙasar Sin, nauyinsa kilo 1 da ɗan kai, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Dyneema ba. Sai dai abu biyu. A naɗa tsumma a kan sandar kada ta huda ƙoƙon tantin. Kuma kada yaro ya tokare da sandar kiwonsa, ya saro wata, don idan shanu suka firgita tsakar dare ba zai tsaya rushe ɗaki kafin ya sami abin tare su ba.

Irin wannan tanti rayuwarsa duk a kan turaku take, shida ko takwas, ɗaya ya tumɓuke sai ya faɗi. Turakun da yake zuwa da su 'yan sirara ne kamar tsinken tsire, an yi su don ƙasa mai laushi da saiwar ciyawa. A jigawa mai rairayi iska ɗaya ta zare su. A fako kuwa bugu biyu sun lanƙwashe. Maganin rairayi shi ne a ɗaura igiyar a tsakiyar guntun icce, a haƙa rami kamu ɗaya, a kwantar da iccen a gicciye a binne a tattake. Maganin fako ƙusa ce mai inci 6, ko a sa maƙeri ya yanka rodi siriri ya lanƙwasa kansa. Sun fi nauyi, amma hadarinmu na farkon damana da iska yake fara zuwa kafin ruwa, kuma wanda ya taɓa bin tantinsa da gudu cikin duhu ba ya sake ƙorafin nauyin ƙusa. A juya ƙaramin gefen tantin wajen gabas, inda hadarinmu ya saba tasowa, ƙofa kuma ta kalli yamma.

Wurin kafawa kowa ya sani, amma gajiya kan sa a manta. Ba a kwana cikin busasshiyar ƙorama don rairayinta na da laushi, ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa alhali a nan ko ɗigo ba a yi ba. Ba a kafawa gindin dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili, saboda tsawa. A share ƙarangiya da tsaida da ƙayar aduwa sosai, sa'an nan a shimfiɗa buhunan da aka farke aka haɗa, ko leda mai kauri, kafin a ɗora tanti. Shimfiɗar kada ta leƙo waje da gefen rufin, in ta leƙo ita za ta tara ruwan ta kai shi ƙarƙashin mai barci.

Wani abin da ke ruɗa masu sabon tanti shi ne su farka da asuba su ga ciki ya jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, su ce yoyo yake. Ba yoyo ba ne. Numfashin mutum da guminsa da danshin ƙasa su ne ke tashi su tarar da yadi mai sanyi su koma ruwa, kamar yadda murfin tukunya ke yi. Tanti mai bango ɗaya ya fi wannan ciwo, musamman cikin marka da kuma kusa da fadama. Mai bango biyu, wato ɗakin raga a ciki da rufi a sama da tazara tsakaninsu, shi ne maganinsa, don ruwan yana bin rufin ya gangara ƙasa. Kuma mai bango biyu ya fi dacewa da shekararmu. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai a kafa ragar kaɗai a sha iska. Da damana a haɗa biyun. Da hunturu ne ragar ke ba da kunya, ƙura da sanyi suna ratsa ta, sai an saukar da rufin har ƙasa ta gefen da iska ke bugowa.

A ganinmu ragar nan ma ta fi rufin daraja. Leda na tare ruwa tun zamanin iyayenmu, kafin leda ma akwai kabido. Abin da leda ba ta yi shi ne hana sauro da kunama da maciji isa ga mai barci. Sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo. Kububuwa kuwa, wadda ta addabi ƙasar Kaltungo da kwarin Binuwai da arewacin Kamaru, da dare take yawo, kuma mai kwana a ƙasa yana cikin waɗanda take samu. Ɗakin raga mai ƙasa a ɗinke, wanda gefensa ya ɗaga kamar kwano, idan an ja zik ya rufe ruf. Sai dai ku sani ragar tanti ba ta da magani a jikinta kamar sangen da ake rabawa a asibiti, huji ɗaya sauro ya shiga ya kwana yana biki. Takalmi kuma a shigar da shi ciki ko a kakkaɓe shi da safe kafin a zura ƙafa.

Maganar wuta ba ma so a ɗauke ta da wasa. Mun san yaranmu da shayi. Idan ruwa na zuba ko sanyi ya matsa, ran mutum zai ba shi ya shigo da murhun gawayi ciki. Gawayi na fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda a rufaffen wuri take sa mutum ciwon kai da barci, daga nan ba ya tashi. Ban da haka yadin roba ba ya ci kamar auduga, narkewa yake ya ɗiga ya manne a fata. Ba gawayi, ba kyandir, ba taba, ba maganin sauro na kunnawa. Ko wutar da aka hura a waje a nisanta ta, tartsatsi ɗaya huji ɗaya ne. Tocila ta isa.

Tocilar ma da magana. Tanti mai launin lemo ko shuɗi mai haske, idan an kunna fitila a ciki, daga nesa kamar ƙwan lantarki yake. Can Amurka so suke a hango su idan sun ɓata. Mu kuwa, a halin da dazuzzukanmu ke ciki na ɓarayin shanu da masu satar mutane, ba kowa muke so ya san inda muka yada zango ba. A ɗaya gefen kuma kada a sayi mai zanen kayan soja ko koren soja. An taɓa tsare wani yaronmu rabin yini a wani shinge a kan koren tanti, ana tambayarsa wa yake kai wa, sai da muka je da takardun dabbobi aka sake shi. Ruwan ƙasa ko ruwan toka shi ne daidai, kuma a ajiye rasit tare da takardun garke.

Abin da ya fi duka muhimmanci ga mai dukiya shi ne wanda ke cikin tanti ba ya ganin garke. Yana ji, amma ƙarar ruwa a kan yadi tana toshe kunne, kuma kafin ya lalubi zik ya rarrafo waje an yi nisa. Buzaye da Fulani da suka gaji kwanan daji ba banza suka bar gefen rumfarsu a buɗe ba. Don haka tsarin da muka bi a kora biyu na baya shi ne tanti ɗaya ga mutum uku: biyu na barci, ɗaya na waje da ledarsa da tocila, a riƙa canji. A kafa shi ɗan nesa da inda shanu suka kwanta, don suna tuntuɓe da igiya, maruƙa kuma suna son lasar yadin da tauna shi. Da gari ya waye a kwance shi, kada a bar shi tsaye cikin rana. Idan da raɓa a jikinsa a shanya a hutun azahar a inuwa, minti kaɗan ya bushe, domin naɗe shi da danshi kwana biyu ya isa ya yi fumfuna. Zik kuma rairayi ne ajalinsa, a riƙa goge shi da tsohon buroshin haƙori, kada a shafa masa mai don mai ƙura yake kamawa.

Wanda ba ya son ya sayi na kanti yana da wata hanya, ita ce ma wadda Ray Jardine ya yi ta kira a kai. A nemi yadi mai tare ruwa marar nauyi, mita 3 a tsaye mita 3 a kwance, a kai wa telan da ke ɗinka rumfar buki ko tampol ɗin mota, ya kalmashe bakin, ya ɗinka madaukai takwas na igiya mai faɗi, huɗu a kusurwa huɗu a tsakiyar kowane gefe, ya ninka yadi a gindin kowace madauki. Kada ya sa zoben ƙarfe, yana yage siririn yadi. A rataya sange mai magani a ƙarƙashi, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Wannan bai kai ɗakin raga tsare maciji ba, amma ana ganin garke ta kowane gefe, mutum uku na shiga, kuma idan ya yage kowane tela a kowace kasuwa zai gyara. Na silikon kuwa idan ya huje, salatif na kanti ba ya kama shi, sai an sami man silikon irin na masu haɗa gilashi a shafa a manna ƙyalle.

Sauran magana ita ce ta wa zai biya. Wasu abokanmu sun ce a cire daga kuɗin kora, tunda yaro ne zai kwana a ciki. Mu ba mu bi wannan ba. Mun saya da kuɗinmu, muna lissafa shi cikin kayan garke tare da igiyoyi da jarkoki, muna damƙa shi ga babban 'yan kora a gaban shaida, a ƙirga turaku da sanduna, in an dawo a sake ƙirgawa. Idan ya dawo lafiya akwai ɗan goro a kai. Guda biyun da muke da su yanzu sun yi damana biyu biyu. Na ƙirar Sin ya sha faci uku a ƙasa da sabon zik guda, kuma za mu zo da su duka taron wata mai zuwa a kafa a fili, wanda ke so ya shiga ya kwanta ya gwada tsawonsa, don an yanka wasunsu gajeru, dogon Bafillace ƙafarsa na taɓa bango.